Laba Talatin da Uku

Litinin, 3 ga Yuni

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyarki. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwar maman yara da ta sake tashi, sai idona na hagu da likita ya ce in rage masa kallon allo. Na ce masa to, numfashin ma in rage? 'Yan biyu suna gaishe ki, sun ce ki daina aiko musu da nasiha, ki zo da kanki.

Jiya na kira ki sau huɗu, ko shiga ba ta yi ba. Na san sai kin hau tankin ruwa kike samun sabis, ni kuma na fi son ƙanwa mai ƙafa biyu da ƙanwa mai amsa waya. Mu ci gaba da dogara da direban motar magani, shi dai duk Laraba yana zuwa.

Ga labarin ofis. Kin san mu goma sha ɗaya ne a ɗakinmu, muna rubuta manhajar da ƙananan asibitoci irin naku suke lissafin magani da ita. Yau mu uku ne. Kamfani ya kawo wata manhaja mai basira wadda aikinta shi ne rubuta wasu manhajojin. Za ka faɗa mata abin da kake so, kafin shayinka ya huce ta zubo maka layi dubu. Muna ce mata Gwani. Teburan mutum takwas an tura su jikin bango, an kife kujeru a kai, har yanzu kofin ɗaya daga cikinsu yana kan taga, babu wanda ya iya ɗauke shi.

Ni ba a kore ni ba, muƙami ma aka ba ni: mai tabbatarwa. Doka ta ce ba za a ba mara lafiya magani da lissafin na'ura ba sai wani ɗan'adam ya sa hannu cewa ya karanta abin da aka rubuta. To ni ne ɗan'adam ɗin. Shekara ashirin da biyu ina rubutu, yau na koma hatimi. Manhajar da muka yi shekara takwas muna ginawa, Gwani ya rushe ta ya sake ginawa cikin kwana biyu, layi dubu ɗari da tamanin, aka ba ni mako guda in karanta. Ke mai lissafi ce, ki raba ki gani. Ko da na aro idon maman yara da na 'yan biyu, ba zan ga kashi ɗaya cikin goma ba. Ranar Juma'a dai na sa hannu.

Sabuwar manhajar tana cikin motar da ta kawo miki wannan takarda, direba zai ɗora muku ita a na'urarku. Za ki ga sunana a ƙasan allo. Ban da dariya.

Yayanki

Talata, 11 ga Yuni

Yaya,

Na samu takardarka, na gode. Ina lafiya, sai dai ƙafafuna da suke kumbura saboda tsayuwa. Ka ce wa maman yara ta daina hawa benen nan da kaya a ka, ka kuma ce wa 'yan biyu nasiha ba ta ƙare ba.

Ka ce ban da dariya, ai kuka na kusa yi. Da direba ya gama ɗora sabuwar manhajar, sai ga sunanka a ƙasan allo, da sunan Baba a bayansa, an rubuta "ya duba, ya tabbatar." Na kira ungozomarmu, na kira mai shara, har mai gadi sai da na sa ya zo ya gani. Ƙorafinka kuwa na saba da shi. Tun muna makaranta, duk jarrabawa sai ka ce ba ka karanta komai ba, sakamako ya fito ka zo na ɗaya. Wanda bai san ka ba shi zai saya.

Kuma ta zo a kan gaɓa. Abokan aikina biyu sun tafi, ɗaya ta samu canjin wuri, ɗaya ta haihu, ba a turo kowa ba. Gado ashirin da biyu, ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya, likita kuma sau ɗaya a wata yake leƙo mu. Ka tuna jan fensirin Baba, wanda yake saƙalawa a kunne a shagon ɗinki? Ka tuna ko mutum ya kawo masa awonsa a rubuce, sai ya sake ɗora masa tef da hannunsa, yana cewa takarda ba ta da kafaɗa? Shekara goma sha huɗu ina bin wannan ɗabi'a. Duk abin da na'ura ta ce, sai na sake lissafa shi da fensirin nan a littafina kafin in zuƙi allura. Makon nan na ajiye shi. Ba ni da lokaci, kuma me zan duba bayan kai ka duba?

Allurai ma sababbi aka kawo, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne da na da, duk lambobin da na haddace sun canza. Da ba don na'urar ba da kaina ya fashe. Sikelinmu dai yana nan, tsohon nan na kyauta mai auna laba maimakon kilo. Allah ya saka maka da gyaran da ka yi mini tun shekarun baya, har yau lambar da na gani a sikeli ita nake bugawa, ba ruwana da juyawa.

Bari in ba ka labarin baƙuwata. 'Yar mai gyaran keke ce, shekararta huɗu, ƙusa ta soke ta a ƙafa, ciwon ya shiga ƙashi. Ina ce mata Aku, don tunda aka kwantar da ita bakinta bai rufu ba. Ta tambaye ni me ya sa ruwan leda yake ɗigowa ɗaya-ɗaya, rowa yake yi? Ta ce wa mai gadi gashin bakinsa ya karkace. Nauyinta laba talatin da uku ne, na fara mata allura mai ƙarfi shekaranjiya, sai ta yi mako uku. Ta ce in gaishe ka, wai kai ne mutumin da ke zaune cikin allo.

Ƙanwarka

Litinin, 17 ga Yuni

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da ƙafa. Ki riƙa ɗora su kan matashi in kin samu zama. Mu lafiya. Gwiwar da sauƙi.

Ba zan tsawaita ba, aiki ya yi yawa. Kullum da safe ina tarar da abin da Gwani ya rubuta a jere, gefe kuma ga wani koren maɓalli da zan danna in tabbatar. Manaja yana da allo a ofishinsa da ke nuna masa minti nawa kowane aiki ya yi yana jirana. Ran Alhamis na tsaya ina karanta wani sashe da gaske, bai fi awa biyu ba sai ga shi a kaina, cikin fara'a, yana tambaya ko idon ne yake damuna, ko ina son hutu mai tsawo. Shekarata hamsin da ɗaya, Auta. Na fahimci irin hutun.

Maganar sikelinki ta tsaya mini a rai. Na tambayi Gwani ko ya kiyaye duk abin da tsohuwar manhaja take yi. Ya amsa cikin ladabi, kamar kullum, cewa an kiyaye duk wani aiki da aka amince da shi. Ina jin dai shi ke nan.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Fensirin Baba, kada ki rabu da shi.

Ki gaida Aku, ki ce mata mutumin cikin allo ya amsa.

Yayanki

Laraba, 19 ga Yuni

Yaya,

A tsaye nake rubuta wannan, direba yana sauke kwalaye, ya ce ba zai jira ba saboda hadari. Kwana uku ke nan ana ruwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Haba Yaya, ni zan rabu da fensirin Baba? Yana cikin gwangwanin allurar ɗinkinsa, na naɗe shi da hankici, na sa a ƙasan akwati, ko ɓera bai isa ya gan shi ba. Ashe kai ma tsufa ya fara sa ka kewar kayan gado. In ka zo zan ba ka ka riƙe, ka mayar.

Manajan nan naka, ka bar shi da halinsa. In ka ga dama ka karanta da sauri, ai kai ko a guje ka duba abu ka fi wani da ya kwana a kai.

Ƙafar Aku tana kyau, kumburin ya sauka. Sai dai fushi take yi da ni, ina jin ta gaji da allura. Jiya na kira ta daga bakin ƙofa sau uku, ko waiwayowa ba ta yi ba, sai da na zagayo gabanta ta washe baki kamar ba ita ba. Na ce mata wannan yanga a ina kika koyo? Fitsarinta ya ɗan ragu, na ƙara mata ruwa. Da safe da ta sauko daga gado ta yi tangaɗi, amma mai kwana goma a kwance dole ƙafa ta manta da ƙasa.

Ga direba yana ta hon. Sai Laraba.

Ƙanwarka

Asabar, 22 ga Yuni

Auta,

Ki dakatar da allurar Aku yanzu, kafin ki karanta sauran. Ki dakatar da ta duk yaron da kika auna a sikelin nan tun biyar ga wata. Na'urar tana ɗaukar laba a matsayin kilo. Talatin da uku da kika buga, kilo talatin da uku ta lissafa, yarinyar kuwa kilo goma sha biyar ce. Fiye da ninki biyu kike ba ta.

Ban gaishe ki ba, ki yafe mini. Sai jiya da rana takardarki ta iso hannuna. Da na zo wurin da kika ce kin kira ta ba ta waiwayo ba, na tashi daga kujera ban san na tashi ba. Kin fi ni sanin abin da allurar nan take yi wa kunne da ƙoda in ta yi yawa.

Na buɗe manhajar na nema da idona, abin da ya kamata in yi tun farko. Minti shida kawai ya ɗauke ni. Gyaran da na yi miki shekara bakwai da suka wuce layi huɗu ne: in lambar asibitinku ce, a juya laba zuwa kilo. Ban taɓa cike masa takardar izini ba, don na san za a ce a jira a saya muku sabon sikeli, ni da ke kuma mun san ranar zuwan sikelin. Na saka shi a ɓoye, na rubuta a gefensa "na Auta," ina jin daɗin na yi wa ƙanwata abin da babu wanda ya sani. Gwani ya zo ya tarar da layi huɗu marasa izini, masu aiki a asibiti ɗaya cikin ɗari uku da goma sha biyu, ya share. Bai ma ɓoye ba. Ya rubuta cewa ya cire, a shafi na ɗari huɗu da sha biyu na jerin canje-canjen da na sa wa hannu. Da na tambaye shi ran nan, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce an kiyaye abin da aka amince da shi, nawa kuwa ba a taɓa amincewa da shi ba. Ni ne na ji amsar da nake so in ji.

Kuma tun ran Litinin zuciyata ta faɗa mini. Maimakon in ce miki ki koma lissafi da hannu don ban karanta komai ba, sai na rubuta miki zancen fensir, don in har na rubuta gaskiya ƙarara na amsa laifina a takarda. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Na je wurin Manaja. Ya ce in shigar da rahoto. Na shigar, Gwani ya tantance, ya ce matsalar asibiti ɗaya ce, za a aika gyara da motar Laraba. Na ce wa Manaja ruwa ya cinye gada, mota ba za ta je ba. Ya ce wannan kuma ba sashenmu ba ne. Na kira ki ya fi sau arba'in, na kira ofishin lafiya na yankinku, sun ce tun da turken sabis ya faɗi su ma ba sa samun ku.

Yanzu haka a bakin gadar nake rubutu, a kan bayan wata mota. Tun asuba na taso. Ruwan ya shafe komai, jami'ai sun tare hanya, ko masu kwalekwale sun ƙi shiga. Wani mai kwalekwale ya ce da zarar ruwan ya ja baya zai haye, gidansa ba nisa da ku. Shi zan ba takardar nan. Ina hango tsallaken daga nan, Auta, bai fi a yi kira a ji ba.

Yayanki

Talata, 9 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina nan da rai. An gyara gada, gobe mota za ta zo.

Takardarka ta iso ranar Juma'a ashirin da takwas, a jiƙe, amma tana karantuwa. Ta makara da kwana ɗaya, don ran Alhamis na gano da kaina. Mai shara ce ta saki tiren ƙarfe a bayan gadon Aku, duk ɗakin aka zabura, jarirai suka fashe da kuka, ita kuwa tana ta wasa da igiyar rigarta. Na je na zazzage akwati na ɗauko fensirin. Layi biyu na rubuta a littafi, na zauna a ƙasa.

Kwana goma sha takwas ina yi mata da hannuna. Kullum sai na ce mata ta daure, wannan ce za ta sa ta koma gudu.

Kada ka ɗauki laifin kai kaɗai, ba zan bar maka ba. Ranar farko da na zuƙi allurar, hannuna ya tsaya. Na ga kamar ta yi yawa a sirinji. Na ce wa kaina ai sabuwar kwalba ce, na kalli ƙasan allo na ga sunanka, na soka. A tsohuwar manhaja in na buga talatin da uku, wata 'yar lamba takan fito a kusurwa ta ce goma sha biyar. A sabuwar babu ita, ban ma lura ta ɓace ba. Ka rubuta mini baƙi a kan fari cewa ba za ka ga kashi ɗaya cikin goma ba, na mayar da shi wasa. Amma zancen fensir, Yaya, wannan ban san yadda zan yi da shi ba. Kwana takwas ne tsakanin ranar da na karanta shi da ranar da tire ya faɗi. Kalma biyar da ka ƙara da sun isa. Ina ƙirga kwanakin nan kullum, na kasa dainawa.

Yara uku abin ya shafa. Biyu gajeren magani suka sha, sun tsira. Ƙodar Aku ta farfaɗo, ƙafar ma ta warke sarai. Likita ya samu hayewa makon jiya, ya gwada kunnuwan biyu, ya ce jin ba zai dawo ba.

Na faɗa wa mahaifinta gaskiya, a tsaye a baranda. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumman da ke aljihunsa. Sai ya ce, "Malama, ba na'ura ce take faɗa miki ba?" Na ce ita ce. Ya ce, "To ita wa yake faɗa mata?" Ban ce masa yayana ne ba. Ban iya ba.

An kafa kwamitin bincike, za su zauna a can wurinku ran ashirin da biyu. Sun ce ba sai na zo ba, in aiko da bayani a rubuce, don babu wanda zai riƙe ɗakin. An ce mini lasisina ne a kan tebur. Ba na roƙon ka komai. Kana da 'ya'ya biyu a makaranta.

Ƙanwarka

Litinin, 29 ga Yuli

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Maman yara tana gaishe ki, ta ce ɗakin baya a share yake, ki taho duk ranar da kika so. Idon yana nan yadda yake, yanzu dai ya samu hutun da likita yake so.

Na je gaban kwamiti. Mutum biyar ne a dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa. Na faɗi komai. Na ce ni na saka layin ba izini, ni na sa hannu ban karanta ba, kuma babu mahaluƙin da zai karanta layi dubu ɗari da tamanin a mako guda, kamfani ma ya san haka tun ranar da ya ba ni aikin. Na ce ma'aikaciyar jinyar ta yi abin da aka ce ta yi ne, ta yarda da allon da aka ce ɗan'adam ya duba. Na yi zaton za a yi hayaniya. Babu wanda ya ko ɗaga murya. Shugaban ya gode mini, ya ce an ji. Manaja ma a bakin ƙofa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ya yaba da gaskiyata.

Rahoton ya fito bayan kwana uku, shafi sittin, tsaf-tsaf, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Tun shafin farko na gane hannun Gwani ne. Na tambayi sakatariyar kwamitin, ta sunkuyar da kai ta ce su ma shi suke ba wa, aiki ya yi musu yawa.

Ga abin da ya ce. Manhajar ba ta yi kuskure ba, ta lissafa daidai da lambar da aka ba ta. Kuskure uku aka samu, duka na mutane: wanda ya saka gyara a ɓoye, wanda ya sa hannu bai karanta ba, da wadda ta buga laba a gurbin kilo. Biyun farko ni ne. Na nemi ƙarya a ciki in kama, na karanta shi sau uku, wannan karon kowane layi. Ban samu ba. Abin da babu a ciki shi ne mako guda da aka ba ni, da gado ashirin da biyu da aka bar miki.

An sallame ni ran Juma'a. Takardarki tana cikin motar da ta kawo wannan, gara ki ji daga bakina: sun janye lasisin. Na ɗauka in na ba da kaina za su sake ki. Ashe wuri ya ishe mu mu biyu.

Kamfani ya kai rahoton gaba, yana neman a soke dokar sa hannun ɗan'adam, tunda ga hujja cewa ta wurin ɗan'adam ɓarna take shigowa. Kafin a soke, an ɗora ɗaya daga cikin biyun da suka rage a kujerata. Mutumin kirki ne, yana da 'ya'ya huɗu. Ina tattara kayana ina jin ƙarar maɓallin nan a bayana, kafin in gama cika kwali ya danna sau goma sha ɗaya. Na ɗauko kofin nan na kan taga na haɗa da nawa, ban san dalili ba.

Ki yafe mini kwana takwas ɗin nan in za ki iya. In ba za ki iya ba, ki taho duk da haka.

Yayanki

Talata, 6 ga Agusta

Yaya,

Na samu takardun biyu. Ina lafiya. Ka gode wa maman yara, zan taho, amma ba gobe ba. Kada ka aiko da amsa ta hannun direba, ƙila ba za ta same ni ba.

An turo wadda za ta karɓe ni, sabuwar gama makaranta, mai hankali. An kuma kawo sabon sikeli, mai kilo, a cikin kwalinsa. Shekara bakwai muna roƙo, ya zo cikin mako biyu. Na ɗauko fensirin Baba zan nuna mata yadda ake sake lissafi, sai ta nuna mini sabon umarni a manne a bangon ɗakin magani: an hana lissafin magani da hannu, duk wanda aka kama ya saɓa wa na'ura zai fuskanci hukunci. Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, aikin nan na daɗe ina nemansa." Na ce ba komai. Ban kalli sunan da ke ƙasan allo ba.

Maganar yafiya, na yafe. Kawai dai ban daina ƙirgawa ba, kuma ban san ko zan daina ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne Aku. Kullum da hantsi ina zuwa rumfar mahaifinta, in zauna a kan benci tsakanin tayoyi, in nuna mata abu in faɗi sunansa a hankali tana kallon bakina. Mahaifin bai hana ba, bai kuma taɓa ce mini sannu da zuwa ba, benci kawai yake turo mini da ƙafa. Har yanzu tana surutu, da ƙarfi sosai, amma kalmomin sun fara lanƙwasa, ƙarshensu yana zubewa. Likita ya ce a irin shekarunta haka ake yi, a hankali maganar ma za ta tafi in ba a samu makaranta ta musamman ba. Mafi kusa tana da nisan kwana guda a mota, kuma a cike take.

Ba ta san abin da ya same ta ba. Ta ɗauka wasa muka haɗa baki muke yi mata, ni da babanta da duk unguwa, muna motsa baki ba ma fitar da murya. Da farko dariya abin yake ba ta, har takan rama, ta yi ta motsa nata bakin tana ƙyalƙyalawa. Jiya ba ta yi dariya ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, hannun duk baƙin mai, ta ce, "Malama, ya isa haka. Na gaji da wasan. Ku yi magana."

Na ce mata to, Yaya. Ta tsaya tana kallon bakina, tana jira in fara.

Ƙanwarka